BABI NA UKU: TAƘADDAMAR SANYA Wi-Fi A MAKARANTUN INGILA DA FARANSA

3.0 Shimfiɗa

A babi na biyu an yi bayanin yadda kwamfuta da intanet suka shiga azuzuwan makarantu a ƙasashen Turai. A wannan babi kuwa za a dubi taƙaddamar da ta biyo baya, wato fargabar da wasu iyaye da malamai suka nuna cewa tururin da na'urorin intanet marar waya, waɗanda aka fi sani da Wi-Fi, suke fitarwa zai iya cutar da lafiyar yara. An zaɓi Ingila ne domin a can maganar ta yi ƙamari ƙwarai a shekarar 2007, kuma a can ne aka ɗauki ma'auni aka shiga azuzuwa aka auna abin da ake jayayya a kansa. Daga baya za a leƙa Faransa, wadda ta mayar da al'amarin doka a shekarar 2015. Ra'ayin da wannan babi ya tsaya a kai shi ne, ba a iya yanke hukunci a kan irin wannan tururi sai an san abu uku: ƙarfinsa, da nisan mutum daga inda yake fitowa, da tsawon lokacin da na'urar take fitar da shi. Duk inda aka ambaci ɗaya aka bar biyu, to lissafin zai karkace, kuma abin da ya faru a Ingila ke nan.

3.1 Kalmar Tururi da Abin da Take Nufi a Nan

Ya kamata tun da farko a ɗan tsaya a kan ita kanta kalmar, domin wani kaso na ruɗanin daga gare ta ya taso. A Turanci kalma guda ce ake amfani da ita ga abin da ke fita daga makamin nukiliya, da abin da ke fita daga na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, da hasken rana, da kuma igiyoyin da ke kawo shirye-shiryen rediyo. Da Hausa ma ba a tsira ba, domin kalmar da aka fi amfani da ita, wato tururi, tana kawo wa mai sauraro hoton wani abu mai tashi daga tukunya, wanda ake shaƙa, kuma yake taruwa a ɗaki idan an rufe ƙofa. Igiyoyin Wi-Fi ba haka suke ba. Ba a shaƙar su, ba sa taruwa a jiki ko a ɗaki, kuma da zarar an kashe na'ura sun ƙare, kamar yadda haske yake ƙarewa idan an hure fitila. An ci gaba da amfani da kalmar a wannan aiki ne kawai saboda ita masu karatu suka saba da ita.

Masana kimiyyar lissafin halitta sun raba waɗannan igiyoyi gida biyu. Akwai masu ƙarfin da zai iya fasa ƙwayoyin halittar jiki kai tsaye, kamar na hoton ƙashi da na ma'adinan nukiliya, waɗanda aka daɗe da tabbatar da cewa yawansu yana jawo ciwon daji. Akwai kuma waɗanda ba su da wannan ƙarfi, kuma a nan ne rediyo da talabijin da wayar salula da Wi-Fi suke. Abin da ya raba gidajen biyu shi ne saurin kaɗawar igiyar. Wi-Fi na farko da ya bazu, tun daga shekarar 1999, yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4, wato igiyarsa tana kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa, daga baya aka ƙara zangon gigahaz 5. Wannan adadi yana da yawa a kunne, amma hasken da ido yake gani ya ninka shi sauri kimanin sau 200,000, alhali shi kansa hasken bai kai matakin fasa ƙwayoyin halitta ta wannan hanya ba.

Tasirin da aka tabbatar igiyoyin rediyo suna yi wa jiki a irin wannan zango shi ne ɗumama. Murhun lantarki mai ɗumama abinci nan take yana aiki ne a zangon gigahaz 2.45, maƙwabcin na Wi-Fi, kuma masu fargaba sun sha kafa hujja da wannan kusanci. Sai dai murhun yana amfani da wat 700 zuwa 1,000 ne a cikin rufaffen akwatin ƙarfe, a yayin da ƙa'idar Turai ta taƙaita na'urar Wi-Fi ta zangon 2.4 a miliwat 100, wato kashi ɗaya bisa goma na wat guda, kuma shi ɗin ma yana watsuwa ne ta kowace fuska. A kan wannan ɗumama ne hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara iyakar irin wannan tururi, ICNIRP, ta gina ƙa'idojinta na 1998, waɗanda ta sabunta a 2020. Ta ɗauki matakin da zafin jiki yake fara tashi, wato wat 4 ga kowane kilo na nauyin jiki, ta raba shi gida 50, ta ce wat 0.08 shi ne iyaka ga jama'a. Idan an mayar da wannan zuwa abin da ake iya aunawa a iska, ya kama wat 10 a kowace murabba'in mita. Wannan adadi za a riƙa komawa gare shi a gaba.

3.2 Daga Rahoton Stewart Zuwa Shirin Panorama

Fargabar ba da Wi-Fi ta fara ba, da dogayen ƙarafan sabis na wayar salula ta fara. A watan Mayun 2000 wani kwamitin masana da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin Sir William Stewart, wanda ya taɓa zama babban mai ba gwamnati shawara a kan kimiyya, ya fitar da rahotonsa. Rahoton bai sami hujjar cewa wayar salula tana cutar da jama'a ba, amma ya ba da shawarar a yi taka-tsantsan, musamman game da yara, saboda ƙwaƙwalwarsu ba ta gama girma ba, kuma za su fi manya daɗewa suna amfani da wayar a tsawon rayuwarsu. Daga cikin shawarwarinsa har da cewa kada sashen da ya fi ƙarfi na igiyar ƙarfen sabis ya sauka a harabar makaranta sai da yardar makarantar da iyaye. Wannan shawara ita ce ta zama sandar da aka ɗauka bayan shekara bakwai.

A tsakanin wannan lokaci makarantu da yawa sun sanya Wi-Fi, domin ya fi jan waya aji-aji araha, kuma yana ba ɗalibai damar yawo da kwamfutar tafi-da-gidanka. Zuwa ƙarshen 2006 jaridu sun fara kawo labarin makarantun da suka cire nasu saboda matsin iyaye. Sai kuma a ranar 21 ga Mayun 2007 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri na Panorama a kan maganar. Masu shirin sun je wata makaranta a garin Norwich, suka auna ƙarfin igiyar wata kwamfuta a aji, suka kwatanta shi da na wani ƙarfen sabis, suka ce na ajin ya ninka na ƙarfen sau uku. Hujjar da aka gina a kai mai sauƙi ce: idan an ce a kiyaye makaranta daga ƙarfen sabis, yaya za a shigo da abin da ya fi shi sau uku har cikin aji? Sir William Stewart, wanda a lokacin shi ne shugaban Hukumar Kare Lafiya ta Birtaniya, ya fito a shirin yana neman a sake duba al'amarin, abin da ya ƙara wa maganar nauyi a idon iyaye.

Abin lura a nan shi ne yadda aka yi awon. Kwamfutar an auna ta ne daga nisan mita 1, ƙarfen sabis kuwa daga nisan mita 100. Ƙarfin igiya yana raguwa ne da ninkin nisa a kansa: idan nisa ya ninka biyu, ƙarfi ya koma kashi ɗaya bisa huɗu, idan ya ninka goma, ya koma kashi ɗaya bisa ɗari. Wanda ya kai hannunsa kusa da aci-bal-bal zai ji zafin da ba zai ji ba daga gobarar daji da yake hange daga bayan gari, amma ba wanda zai ce aci-bal-bal ta fi gobarar wuta. Har ila yau, an yi awon ne a lokacin da aka sa kwamfutar tana ta aikin jigilar babban fayil ba tsayawa, wanda ba haka ake amfani da ita a darasi ba. Bayan wannan kuma, mutumin da ya yi awon, Alasdair Philips, jagoran wata ƙungiya ce mai fafutuka a kan wannan tururi, kuma yana da alaƙa da kasuwancin kayan kariya daga gare shi. Wannan ba ya nufin alƙalumansa ƙarya ne, amma haƙƙin mai kallo ne a bayyana masa sosai. Babban abin da ya ɓace a cikin hayaniyar shi ne, ko da wannan ninki ukun, abin da aka samu ya gaza iyakar ICNIRP da kimanin ninki 600. Uku da aka ninka a kan ɗan ƙanƙanin abu, ɗan ƙanƙanin abu ne zai fito.

A watan Nuwambar wannan shekara sashen sauraron koke-koke na BBC ɗin kansa ya yanke hukunci cewa shirin ya ba masu kallo gurguwar fahimta game da matsayin masana, domin ya kawo masu fargaba da dama a gefe guda, ya kawo masani ɗaya tak, Farfesa Michael Repacholi, a ɗaya gefen, sa'an nan shi kaɗai aka tuhumi 'yancinsa na faɗin gaskiya. To amma kamar yadda aka saba, gyara bai kai inda ɓarna ta kai ba. Miliyoyi ne suka kalli shirin, kaɗan ne suka ji hukuncin.

3.3 Awon da Aka Yi a Azuzuwa

Alherin da taƙaddamar ta haifar shi ne, a watan Oktoban 2007 Hukumar Kare Lafiya ta sanar da cewa za ta gudanar da bincike na musamman a kan Wi-Fi a makarantu. Kafin nan wani jami'inta, Dokta Michael Clark, ya riga ya ba da kwatancen da ya shahara, cewa yaron da ya shekara guda a ajin da ke da Wi-Fi, abin da jikinsa zai karɓa bai wuce na wanda ya yi minti 20 yana magana a wayar salula ba. Wannan kuwa ƙiyasi ne, kuma iyayen da hankalinsu ya tashi suna da haƙƙin neman abin da ya fi ƙiyasi.

An buga sakamakon a 2011. A kashi na farko, wanda Peyman da abokan aikinsa suka yi, an ɗauki kwamfutocin tafi-da-gidanka 15 da akwatunan rarraba intanet 12 irin waɗanda makarantu suke amfani da su, aka auna su a ɗakin gwaji suna aiki. Mafi girman abin da aka samu daga nisan rabin mita shi ne miliwat 22 a murabba'in mita ga kwamfuta, da miliwat 87 ga akwatin rarrabawa. Da aka ja baya zuwa mita 1 sai suka faɗi zuwa miliwat 4 da miliwat 18. Idan an tuna iyakar ICNIRP wat 10 ce, wato miliwat 10,000, za a ga cewa mafi girman waɗannan alƙaluma bai cika kashi 1 cikin 100 na iyakar ba. Ga shi kuma a aji akwatin yakan kasance a jikin bango ko a rufi, nesa da kan kowane ɗalibi.

Kashi na biyu, wanda Khalid da abokan aikinsa suka yi, shi ne a ganin wannan nazari ya fi muhimmanci, domin ya taɓo abin da mafi yawan mutane ba su sani ba. Na'urar Wi-Fi ba kamar tashar rediyo take ba, wadda take watsa shiri ba ƙaƙƙautawa. Tana aika saƙo ne a gutsure-gutsure cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ta yi shiru. Haka kuma na'urorin da ke kan zango ɗaya ba sa magana tare, layi suke bi, ɗaya ta gama ɗaya ta ɗauka. Don haka aji mai kwamfuta 30 ba ya nufin ninki 30 na tururi a lokaci guda. Masu binciken sun shiga makarantun firamare da na sakandare a lokacin darussa, suka bibiyi kwamfutoci 146, suka tarar ba wadda ta kai kashi 1 cikin 100 na lokacin darasi tana aika saƙo. Dalili kuwa shi ne ɗalibi mai karatu a intanet karɓa yake yi fiye da aikawa. Akwatunan rarrabawa sun fi aiki, amma su ma tsakanin kashi 1 ne zuwa kusan kashi 12 cikin 100 na lokacin. Ke nan alƙaluman kashi na farko, duk da ƙanƙantarsu, sai an sake rage su ƙwarai kafin a sami ainihin abin da yake isa jikin yaro. Bisa ga wannan ne hukumar, da waɗanda suka gaje ta a 2013 da 2021, suka tsaya a kan cewa babu dalilin hana makarantu amfani da Wi-Fi.

3.4 Masu Ciwon Kai da Kasala

Duk da haka akwai malamai da ɗalibai da suka ce suna fama da ciwon kai da jiri da kasala da rashin barci tun da aka sanya na'urorin. Ba daidai ba ne a ce ƙarya suke yi, domin wasu har aikinsu suka bari, kuma mutum ba ya barin abincinsa don wasa. Tambayar ita ce ko igiyoyin ne sanadi. Hanyar gwada wannan ita ce a zaunar da mutum kusa da na'ura, wani lokaci a kunne wani lokaci a kashe, ba tare da shi ko mai gwajin sun san wanne ne ba. A 2010 James Rubin na Kwalejin King da ke Landan da abokan aikinsa suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje 46 da suka ƙunshi mutum 1,175, ba su sami tabbatacciyar hujjar cewa masu ƙorafin suna iya bambance kunnanniyar na'ura da kasasshiya ba. Alamomin ciwon sukan zo ne idan mutum ya yi zaton an kunna.

A 2013 Witthöft da Rubin suka yi wani gwaji da ya dawo da maganar kan shirin Panorama. Sun raba mutum 147 gida biyu, aka nuna wa gida ɗaya wani yanki na shirin, aka nuna wa ɗayan wani fim da bai shafi lafiya ba. Daga nan aka ɗaura wa kowa eriya a ka na minti 15, aka ce masa Wi-Fi ne, alhali ba abin da take fitarwa. Fiye da rabinsu suka ce sun ji alamomin ciwo, har biyu suka nemi a dakatar da gwajin saboda tsananin abin da suka ji. Masu saurin damuwa a cikin waɗanda suka kalli Panorama sun fi jin jiki. Wato dai gargaɗin da aka yi don kare lafiya shi ma yana iya zama sanadin rashinta.

3.5 Rukunin 2B da Dokar Faransa

Hujja mafi ƙarfi da ke hannun masu fargaba ta zo ne a ranar 31 ga Mayun 2011, lokacin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, mai mazauni a birnin Lyon, ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji. Wannan rukuni yana nuna ƙarancin ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba; taba sigari da hasken rana suna rukuni na 1, inda hujja ta tabbata. Kuma hujjar da aka dogara da ita ta shafi wayar salula ce da ake karawa a kunne. A binciken Interphone na ƙasashe 13, wanda aka buga a 2010, an ga alamar ƙarin wani nau'in ciwon dajin ƙwaƙwalwa a tsakanin waɗanda suka fi kowa yawan kira, masu awa 1,640 zuwa sama, ko da yake masu binciken da kansu sun ce kuskuren tuna yawan kira zai iya haifar da wannan sakamako. A 2018 kuma wani babban gwaji a Amurka ya sami ƙari a zuciyar wasu ɓerayen maza da aka yi wa wanka da igiyoyin waya awa 9 a kullum har shekara biyu, da ƙarfin da ya zarce iyakar jama'a nesa ba kusa ba. A ɗaya ɓangaren, bitar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wadda Karipidis da abokan aikinsa suka buga a 2024 bayan nazarin bincike 63, ba ta sami alaƙa tsakanin wayar salula da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka haura shekara 10 suna amfani da ita.

A wannan wata na Mayun 2011 ne kuma majalisar wakilan Majalisar Turai mai mazauni a Strasbourg ta zartar da ƙuduri mai lamba 1815, inda ta shawarci ƙasashe su fifita intanet mai waya a makarantu. Faransa ta amsa wannan kira da dokar 9 ga Fabrairun 2015, wadda ake kira da sunan 'yar majalisar da ta gabatar da ita, Laurence Abeille. Sau da yawa akan ji ana cewa Faransa ta haramta Wi-Fi a makarantu, amma ba haka dokar ta ce ba. Ta hana shi ne a ɗakunan reno da wasa da barci na yara 'yan ƙasa da shekara 3. A makarantun firamare kuwa ta ce a kashe shi idan ba ana darasi da shi ba, kuma a sanar da majalisar makaranta kafin a sanya sabo. Sakandare ba ta shiga wannan hani ba.

A ra'ayin wannan nazari, dokar ba ta tsaya a kan wata sabuwar hujjar kimiyya ba, amma kuma ba ta ci wa kowa komai ba. Jaririn da ke gidan reno ba shi da abin yi da intanet, kashe akwati bayan darasi kuwa danna maɓalli ne. Inda matsala take ita ce makarantar da ta cire Wi-Fi ɗungurungum ta bar wayoyi a aljihun ɗalibai da malamai. Wayar da ta rasa Wi-Fi takan koma neman ƙarfen sabis, kuma gwargwadon nisan ƙarfen da kaurin bangon aji, gwargwadon yadda take ƙara ƙarfin igiyarta, wanda a tsohon tsarin GSM yakan kai wat 2 a ƙololuwarsa, a jikin mai ita. Faransa ta zo ta hana ɗalibai amfani da wayar salula a firamare da ƙaramar sakandare a shekarar 2018, sai dai dalilan da aka fi bayarwa a lokacin su ne ɗauke hankali daga darasi da cin zalin juna ta intanet.